Rubutun Ƙofar Talandira

A zamanin da Rumawa ke mulkin biranen Girkawa, akwai wani birni a gindin tsaunuka da ake kira Talandira. Arzikinsa farin dutse ne. Daga ramukansa ake yanko ginshiƙan haikali da gumakan manya, a ɗora wa shanu su ja su har bakin teku. Amma fa masu yanko dutsen ba su da wata daraja a idon manyan gari. A dandalin wasanni, wanda aka sassaƙa a jikin tsauni hawa-hawa har layi arba'in, kowace ƙungiya tana da layinta da sunanta a rubuce, tun daga maƙeran zinariya har masu rini da masu sayar da turare. Masu sassaƙa dutse kuwa, waɗanda kakanninsu suka yanka kowane mazauni da hannunsu, can ƙoli suke tsayawa bayan layin ƙarshe, tare da bayi da baƙi.

Wannan abu ya daɗe yana cin Tirifon a rai. Shi ne Sarkin Masassaƙa, gajeren dattijo mai faɗin kafaɗa, wanda ƙurar dutse ta mayar da gemunsa fari tun kafin tsufa ya zo ya ƙarasa aikin. Shekara talatin yana kai kuka majalisa a ba ƙungiyarsa layi ɗaya tak, shekara talatin ana ce masa za a duba. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, Shugaban Majalisar, Mitrodoros, nono ɗaya suka sha. Uwar Mitrodoros ta rasu wurin haihuwarsa, aka kai shi wurin uwar Tirifon ta shayar da shi, ya tashi yana bin Tirifon a baya yana kiransa Yaya. Da ya girma ya yafa farin mayafin manya, sai kalmar Yaya ta faɗi daga bakinsa. Tirifon bai daina ƙaunarsa ba, ko da yake in ka ji yadda yake zaginsa a gida sai ka rantse gaba suke yi.

A shekarar da abin ya faru, da farkon bazara, aka wayi gari gaggafa biyu suna faɗa a saman haikali, har ɗaya ta faɗo matacciya a tsakiyar kasuwa. Babban Malamin Haikali ya zo ya duba gawar, ya ce wani babba zai faɗi. Aka tambaye shi wanne, ya ce alloli ba su yi masa bayani ba. Ba a yi mako guda ba sai ga manzo a kan doki, da mashi a hannu da takarda a ɗamara, ya nemi a tara majalisa.

Da aka hallara, manzon ya tsaya a tsakiya, bai ko rusuna ba. Ya ce, "Ya ku dattawan Talandira, ku saurari saƙon Barbatus, Sarkin Yaƙin rundunar gabas, wanda sojoji dubu talatin suka ɗaga a kan garkuwa suka kira shi Kaisar. Yana tafe, zai ratsa birninku nan da kwana huɗu. A saman ƙofar garinku akwai dutse mai ɗauke da sunan wanda ke zaune a Rum. A kankare wannan suna, a sa nasa. In ya iso ya ga sunansa, zai wuce ku da alheri. In ya ga wancan, zai shiga da wuta."

Manzo na fita, majalisa ta kaure. Magatakarda ya miƙe ya ce, "Ya Shugaba, ya ku iyayen gari, kakanninmu sun yi wa Kaisar rantsuwa, shi ya bar mana dokokinmu da majalisarmu. Wanda ya kankare sunansa ya kankare wannan duka." Sarkin Kasuwa ya tare shi ya ce, "Magatakarda ya yi magana mai kyau, sai dai Rum tafiyar wata biyu ce, Barbatus kuwa tafiyar kwana huɗu. Ganuwarmu ado ce, rabon da a gyara ta tun ina yaro. Da me za mu tare sojoji dubu talatin, da takardun Magatakarda?" Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take tsaka. A ƙarshe Mitrodoros ya ɗaga sandarsa, fuskarsa duk gumi, ya ce ya zaɓi ran mata da yara, a kira Sarkin Masassaƙa.

Tirifon bai taɓa wuce dokin ƙofar majalisa ba, a nan ake tsayar da masu sana'a. Ran nan sai aka ce ya shigo har tsakiya. Ya shiga yana bar musu sawun farar ƙura a kan shimfiɗa.

Mitrodoros ya ce, "Sarkin Masassaƙa, majalisa ta yanke hukunci. Kwana uku gare ka, ka kankare sunan Kaisar daga dutsen ƙofa, ka rubuta na Barbatus."

Tirifon ya ce, "Ranka ya daɗe, rubutun nan hannun Zotikos ne, kuma Zotikos ya mutu."

Kowa a zauren ya san abin da yake nufi. Duk mai shiga ƙungiyar masassaƙa yakan ɗora hannu a kan guduma ya rantse ba zai sa ƙarfe a kan rubutun malamin da ya mutu ba. Na mai rai ana gyarawa, don yana nan zai kare aikinsa. Na mamaci ba a taɓawa, wanda ya taɓa kuwa a karya gudumarsa a kore shi. Zotikos shi ne malamin Tirifon, shi ne kuma surukinsa, kuma rubutun ƙofar nan shi ne aikinsa na ƙarshe.

Mitrodoros ya kau da kai, ya ce, "In ka yi, layi na bakwai a dandali naku ne, da sunan ƙungiyarku a kai. Majalisa ta shaida."

Layi na bakwai! Ko masu rini a na sha biyu suke. Tirifon ya rusuna ya fita ba tare da ya ce e ko a'a ba.

Ya iske matarsa Ammiya a tsakar gida tana kaɗa ulu. Shekararsu arba'in tare, kuma har yanzu in tana son tsokanarsa Sarkin Ƙura take ce masa. Ya zauna ya zayyana mata komai, ya ƙare da cewa, "'Yar Zotikos, in na ƙi, za a ƙone gari saboda taurin kaina. In na yi, na ci amanar babanki, kuma na zaunar da mutanena a kan abin kunya. Ni ban ga hanya ba."

Ammiya ba ta ajiye mazarinta ba. Ta ce, "Maigida, shekararka nawa kana aikin dutse?"

"Hamsin."

"To dutsen ƙofar nan, fuska nawa gare shi?"

Ya buɗe baki zai yi mata faɗa, sai ya tsaya. Dutsen allo ne guda, kaurinsa ya fi taƙi ɗaya, shi da kansa ya taya Zotikos ɗora shi. Bayansa yana nan da kaushinsa yadda ya fito daga rami. In aka zare shi aka juya, rubutun ya dubi bango, a goge bayan a rubuta abin da aka ga dama.

Ya ce a hankali, "In Barbatus ya ji sunan abokin gabansa na nan a raye a bayan nasa, a ƙofar zai rataye ni."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ban ce ka yi ba, tambayarka kawai na yi." Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da jan mayafin ulu wanda ubanta ya ba ta ranar aurensu. Ta miƙa masa, idonta ya ciko. "In ka yi, ka rufe masa rubutun da wannan. Bango zai goge haruffan, ka san shi ba ya son ko ƙwarzane a aikinsa."

Da la'asar Tirifon ya tara masassaƙa arba'in a bakin rami ya gaya musu gaskiya, har da maganar rataya. Ba wanda ya ja da baya, kowa ya ɗora hannu a kan guduma. Kashegari suka kafa rumfar katako a jikin ƙofa, suka lulluɓe ta da zana, suka ce don kada tsakuwa ta faɗo wa masu wucewa. A bayan zanar suka zaro dutsen da igiyoyi, suka shimfiɗa mayafin a kan rubutun, suka juya shi suka mayar. Mutum goma suna ta bugun wani tsohon dutse don gari ya ji ƙarar kankara, saura suna goge sabuwar fuska. Tirifon da kansa ya ɗauki kurfi, ƙarfen nan da ake yankan haruffa da shi, ya rubuta sunan Barbatus. Bai ɓata aikin ba, don hannunsa bai iya ɓata aiki ba, amma bai sa zuciyarsa a ciki ba.

A rana ta huɗu Barbatus ya iso, ya ɗaga kai ya karanta, ya yi murmushi, ya kwashe hatsin rumbunan gari ya wuce. Bayan kwana biyu Tirifon ya sa rigarsa mai kyau ya tafi majalisa. Aka tsayar da shi a dokin ƙofa. Mitrodoros ya fito, bai yarda sun haɗa ido ba, ya ce maƙeran zinariya sun ƙi yarda masu ƙura su zauna a gabansu, kuma yanzu lokacin yaƙi ne, za a duba. Tirifon ya dawo gida ya zauna. Ran nan ko zagin bai yi ba, kuma wannan ne ya tsorata Ammiya.

Wata biyu suka wuce. Wata safiya wani sojan Barbatus ya shigo gari da ƙafa, ba garkuwa ba takalmi, ya faɗi a gaban majalisa. Da aka ba shi ruwa ya ce, "An gama da mu. A mashigin babban kogi muka haɗu da rundunar Kaisar. Tun hantsi muke tura su, har muka ga sun juya baya, muka bi su cikin ruwa. Ashe dawakansu na ɓoye a cikin kurmi. Suka fito ta bayanmu, kogi a gabanmu, masu a ƙeyarmu. Na ga Barbatus ya faɗo daga doki, na ga kansa a kan mashi. Salbiyus, Sarkin Yaƙin Kaisar, yana bin biranen da suka kankare suna ɗaya bayan ɗaya. Yana sare kawunan 'yan majalisa, ya sayar da sauran mutane. Gobe zai iso nan."

Ba a yi wata muhawara ba wannan karon. Sarkin Kasuwa ya nemi a kira masassaƙa su mayar da suna, Magatakarda ya ce masa 'yan leƙen asirin Salbiyus sun riga sun ga ƙofa.

Da hantsi rundunar ta cika fili, sulke yana walƙiya, tutoci suna kaɗawa. Aka kafa wa Salbiyus kujera daidai gaban ƙofa. Dogon mutum ne siriri, mai tabo a haɓa, yana jin Girkanci sarai. Aka fito da 'yan majalisa goma sha biyu, igiya a wuyan kowa, aka durƙusar da su. Tirifon yana cikin taro, ya hango Mitrodoros babu mayafi babu sanda, tsoho tuɓus, gwiwoyinsa masu ciwo a kan tsakuwa. Duk haushin wata biyu ya nemi inda ya shiga ya rasa, tausayi kawai ya ji.

Salbiyus ya nuna saman ƙofa ya ce, "Ya ku mutanen Talandira, Kaisar ya bar muku dokokinku, ya bar muku majalisarku, bai taɓa girke muku soja ba. Ina sunansa?"

Sai Tirifon ya kutsa ya fito, sojoji biyu suka tare shi da masu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yana nan inda yake."

Salbiyus ya dube shi sama da ƙasa. "Wane ne wannan?"

"Tirifon, Sarkin Masassaƙa. A ba ni mutanena da igiya, kafin rana ta take tsaka za ka gan shi."

"In ban gan shi ba, da kai zan fara."

Masassaƙa arba'in suka kafa katako a gaban runduna, wannan karon ba zana. Suka zaro dutsen a hankali, Tirifon yana ba da umarni da hannu, gumi yana zuba a gemunsa. Da dutsen ya juyo, jan mayafi ya zame ya sauko, iska ta kawo shi har gaban kujerar Salbiyus. Ga rubutun Zotikos nan fes, sunan Kaisar da laƙabansa, ko ƙwarzane babu. Mitrodoros ya ɗaga kai yana kallo, bakinsa a buɗe.

Salbiyus ya sunkuya ya ɗauki mayafin, ya juya shi a hannu. Ya ce, "Birni tara na bi, ko'ina rami na tarar a wurin sunan. Kai ka lulluɓe shi da ulu. Wa ya umarce ka? Waɗannan?"

"A'a, ranka ya daɗe, ba su sani ba."

"To ƙaunar Kaisar ce ta sa ka?"

Tirifon ya san amsar da ake so, amma bai iya ƙarya ba, kamar yadda bai iya ɓata aiki ba. Ya ce, "Kaisar ban taɓa ganinsa ba, alloli su ja kwanansa. Wanda ya yi rubutun malamina ne, ya mutu, kuma mu ba ma sa ƙarfe a kan aikin mamaci. Rantsuwarmu ce. Mayafin na 'yarsa ne, matata."

Ammiya da ke cikin taro ta dafe kai. Salbiyus ya yi dariya, gajeriya. Ya ce, "Manyan gari sun yi wa mai rai rantsuwa sun karya, masu ƙura sun yi wa matacce sun cika. Saboda wannan dutse ba zan sayar da mutanen Talandira ba. Waɗannan goma sha biyun dai za su mutu. Kai kuma, tsoho, roƙi abu ɗaya, da sunan Kaisar zan ba ka. An ce mini ƙungiyarku ba ta da mazauni a dandali. In kana so, layin farko ma zai zama ba kowa kafin azahar."

Tirifon ya waiwaya ya dubi mutanensa a kan katako, hannuwansu duk sun tsattsage. Shekara talatin yana yi musu alkawari. Yanzu kalma ɗaya ce, kuma ba wani maƙerin zinariya da zai iya cewa uffan. Sai ya dubi Mitrodoros, ya tuna ranar da ya goyo shi daga bakin rami yana kuka ƙaya ta soke shi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni wuyan mutanen nan. Tsoro ne ya sa su, ba mugunta ba. Mu mun saba da tsayuwa."

Salbiyus ya ce, "Abu ɗaya na ce. Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Aka kwance igiyoyi. Salbiyus ya miƙa masa mayafin da hannunsa, kashegari ya tashi da rundunarsa. A cikin masassaƙa ba wanda ya yi wa Tirifon ƙorafi a fili, sai dai shi ya kasa haɗa ido da su. Mitrodoros kuwa bai zo godiya ba, bai aiko ba, aka ce ma ba ya fita sai dandali, wai yana duba shirin bikin kaka. Tirifon ya koma zaginsa a gida, Ammiya ta ji hankalinta ya kwanta.

Ranar biki, gari duka ya hau dandali. Tirifon da mutanensa suka haye har ƙoli suka tsaya inda suka saba, Ammiya a gefensa da jan mayafinta. Mai shela ya ɗaga hannu za a fara, sai aka ga Shugaban Majalisa ya tashi daga kujerarsa ta layin farko. Bai nufi fili ba, matakala ya kama. Yana hawa yana hutawa, yana dafa gwiwa, dubban mutane suna kallonsa, har ya haye layi arba'in ɗin nan duka. Ya tsaya gaban Tirifon yana haki. Hannunsa na hagu a naɗe yake da tsumma.

Ya ce da ƙarfi yadda na kusa da na nesa za su ji, "Yaya, sauko."

Mitrodoros ya kama hannun Tirifon, suka gangaro, masassaƙa arba'in da iyalansu a bayansu. A layi na bakwai aka tsaya. Ba kowa a kai, an rufe shi da zana. Mitrodoros ya yaye ta.

A jikin dutsen an rubuta: Mazaunin Ƙungiyar Masassaƙan Dutse. Tirifon bai taɓa ganin mummunan rubutu irin wannan ba. Haruffan sun karkace, wani ya yi zurfi wani da ƙyar ake ganinsa, layin ya fara a sama ya ƙare yana gangarowa, ga wurin da kurfi ya zame ya ɓalle gefe. Ya ce, "Wane ne ya yi wa dutse wannan wulaƙanci?"

Mitrodoros ya ɗaga hannunsa mai tsumma. "Ba masassaƙi a garin nan da zan sa ba tare da ka ji ba. Kwana ashirin na yi a kai, na farfasa yatsu uku. Na san bai yi ba. Ai ina da rai, dokarku ta yarda ka gyara."

Tirifon ya durƙusa, ya bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana sauka cikin gemunsa. Sannan ya miƙe ya juya ga mutanensa, ya ce, "Ku ji ni. Wannan rubutu, ko mai shi yana raye ko ya mutu, duk wanda ya sa masa ƙarfe ni zan karya gudumarsa."

Ya karɓi mayafin Ammiya ya ninke, ya shimfiɗa a kan dutsen, ya zaunar da ita. Shi ma ya zauna, ya matsa gefe ya bar wuri, ya ja ƙanensa ta riga ya ce, "Zauna nan, gwiwoyin nan naka ba za su kai ka layin farko ba."